Maganin Taurin da Turai Ta Haɗa

Har yau in aka ambaci Turai mai ƙuli a Soron Ɗinki, sai ka ga wata ta taɓe baki ta ce, "Wannan marar imanin?" To, uwar wa ce marar imani? Masu faɗar haka ko zauren gidanmu ba su taɓa tsallakawa ba. Ni 'Yardada, ƙanwar mijinta ce. Tun da aurena ya mutu na dawo gidan yayana, shekara ashirin da ɗoriya muna cin tuwo a akushi ɗaya da ita. Abin da zan faɗa da idona na gan shi, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu, ba zan wanke kaina ba.

'Yar Jakara ce, ubanta igiya yake sayarwa a Kurmi. Gajeruwa, baƙa, mai faɗin kafaɗa, magana kamar da kuɗi take sayenta. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli. Kafin hantsi ta soya gyaɗa kwano goma, ta murje, ta sheƙe, ta durƙusa gaban dutse ta niƙe, sannan ta matse mai har sai tunkuza ta bushe ƙarau. Tafin hannunta kuwa, in ta riƙe ka sai ka ji kamar na maƙeri. Mijinta, yayana Isyaku, mai bugu ne a Ƙofar Mata. In marina sun gama rina rawani, shi ake kai wa ya shimfiɗa a kan gungumen itace, ya yi ta lafta masa guduma har ya yi ƙyalli. Mutumin kirki ne a waje, ba ya cin hakkin kowa. Amma Allah ya gafarta masa, abin da yake yi wa rawani shi ya ɗauka ake yi wa ɗa.

Ɗansu namiji ɗaya ne, Ilu, kuma shi ne ɗan farin Turai. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma tata ta wuce ta kowa. Ba ta faɗar sunansa, sai "yaron nan". Ba ta yi masa magana, ba ta haɗa ido da shi, ba ta miƙa masa abinci hannu da hannu. In ya faɗi ya fasa baki a gabanta, sai ta kira ni in ɗaga shi. Mata suna yaba ta a kan haka, ana cewa ga 'yar mutunci, ni ma ina cikin masu yabon. Tsohuwarmu ce ta raine shi, ta shagwaɓa shi son ranta, ta rasu yana da shekara goma sha ɗaya. Daga nan ya faɗo hannun ubansa.

Yaro ne mai ƙiriniya, ba zan ce ba haka ba. Allo ba ya zama a hannunsa, in ya ji haushin karnukan 'yan farauta sai ya tsallake katanga. Wata Laraba da rana tsaka Isyaku ya kamo shi a bayan ganuwa, ya jawo shi da kunne har tsakar gida, ya ɗaure shi a jikin dirkar rumfa. Ya tsoma igiyar guga a ruwa ya ninka biyu. Na ƙirga har arba'in na daina. Fatar bayan yaron ta tsage, jini ya bi ƙafafunsa ya sauka a ƙasa, muryarsa ta dushe har sai bakin kawai kake gani yana buɗewa. Na rirriƙe hannun Isyaku, ya yi jifa da ni kan randa. Turai tana nan gaban dutsen niƙa, ta ba su baya, tana niƙa. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Da Isyaku ya fita na je in zage ta, sai na ga ta ciji leɓenta ya huda, jini yana ɗiga cikin gyaɗar.

Da la'asar ta kira ni ɗakinta. Ta ɗebo garin kuka, ta zuba ɗan toka da jar kanwa, ta cakuɗa, ta ƙulle a tsumma. Ta ce, "'Yardada, dama wa yaron nan a kunu. Ki ce masa maganin duka ne, in ya sha ba zai ƙara jin zafi ba. Kada ki ce daga wurina."

Na ce, "Turai, garin kuka?"

Ta ce, "Ba ni da wani abin da zan ba shi."

Nan ne bakina ya ja mana. Na tarar da yaron kwance rubda ciki yana shessheƙa, tausayi ya kama ni, na ga maganin duka ya yi kaɗan. Sai na ƙara gishiri. Na ce masa tauri ne, na gasken gaske, wani tsohon maharbi ne daga dajin Ningi ya ba ni, wanda ya sha ko ƙarfe ba ya kama shi har ya mutu. Ya tashi zaune ya shanye kunun nan, har yana lashe ƙwaryar. Wallahi ni lallashi kawai na nufa.

Daga ranar Ilu bai sake kuka ba. Isyaku ya doke shi da igiya, ya doke shi da tsumagiya, ya karya masa muciya a gadon baya, yaro yana tsaye yana kallonsa. Wata rana ma dariya ya yi. Uban ya ƙara ƙarfin hannu, ɗan ya ƙara taurin kai. Na ce da Turai mu faɗa masa gaskiya. Ta ce a bari ya ɗan girma, yanzu shi kaɗai ne abin da yake riƙe da shi.

Kafin mu farga ya girma ya fi ubansa tsawo. Shekarar da aka yi rikicin Sabon Gari yana ɗan sha biyar, ya riga ya shiga 'yan tauri. In ana kiɗa, shi ne a tsakiyar fage yana goga wuƙa a ciki yana ihu. Ni dai na san wuƙaƙen fage ba su cika kaifi ba, amma je ka faɗa masa. Manyansu sun yi sun yi ya sha nasu maganin, ya ƙi, wai nasa ya fi na uban kowa. Kuma abin haushin, ƙaryar tana ci. Mutumin da ya yarda ƙarfe ba ya kama shi ba ya ja da baya, haka yake afka wa mutum biyar da sanda ɗaya, su kuwa ganin idonsa kawai sai su watse. Sau ɗaya wani ya kai masa suka, wuƙar ta sauka a kan layar da ke ɗamararsa ta goce. Shi ke nan, gari ya ɗauka, Ilu na Soron Ɗinki ba ya huduwa.

Kamunsa na farko a Kurmi ne. Wani ɗan dako ya taka masa ƙafa, ya ɗauki dutsen awo na mai gishiri ya rotsa masa kai. 'Yan doka huɗu suka taru a kansa da kulki kafin su iya sa masa ankwa. Alƙali ya yanke masa bulala talatin da wata shida. Ni na je na tsaya a bayan mutane. Aka kwantar da shi, dorina tana sauka tana ɗauke fata, shi kuwa yana taya mai dukan ƙirga da ƙarfi. Da na dawo, Turai tana tuya. Ba ta tambaye ni ba, sai da na gaji na ce, "Yana da rai." Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta ci gaba da juya ƙuli, duk kaskon ya ƙone ba ta sani ba.

Da ya fito, Isyaku ya ce bai horu ba, sai ya ƙara masa nasa. Ya shigo da gudumar bugu, ita kanta ta wurin aiki, ya nufi yaron yana cin tuwo. Ya ɗaga zai sauke masa a kafaɗa. Ilu ya miƙe ya cafe hannun a sama, ya murɗe shi. Ƙarar ƙashin nan har yau tana kunnena. Isyaku ya zube a kan gwiwoyinsa, hannun yana reto. Ilu ya tsaya a kansa ya ce, "Baba, ya isa haka," ya ɗauki rigarsa ya fita. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma hannun bai sake ɗaga guduma ba. Isyaku ya koma zaman zaure, ya ce ba shi ba Ilu duniya da lahira.

 Turai kuwa, kullum da yamma sai ta zuba tuwo a wani akushi daban, ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ƙofata. Ni nake ɗauka in kai kangon da yake kwana da abokansa. In na dawo ta kan duba akushin ta ga ko an cinye. Sau uku ina gwada faɗa masa maganar garin kuka, da na fara sai ya kwashe da dariya, wai Gwaggo tana so ta karya masa magani don ya koma allo. Na ce da Turai, "Ke ce uwarsa, in daga bakinki ya ji zai yarda." Sai ta sunkuyar da kai. Shekara ashirin ba ta taɓa ce masa ko sannu ba, harshen ya riga ya ƙi. Na zage ta ranar, na ce kunyar banza kunyar wofi, kunyar da za ta kai ɗa kabari. 

Abin ya zo da rani, shekara biyu kafin Turawa su tafi. An dawo daga farauta, rigima ta tashi a bakin ƙofar gari a kan wata barewa, tsakanin su Ilu da 'ya'yan mahauta. Wani saurayi, Audu, ya riƙe ƙafar barewar ya ce karensa ne ya kayar. Ilu ya sauke masa gatari a hannu. Daga wuyan hannun ya cire, aka ɗauki Audu a kan ƙyaure zuwa asibiti, hannun a cikin hularsa. Audu bai mutu ba, amma mahauci marar hannun dama ai an gama da shi.

Kwana biyu ana neman Ilu ta fuska biyu. 'Yan doka suna bin gida gida, yayyen Audu su shida suna bin lungu lungu. Su ba wasan fage suke yi ba, mutanen da suke kayar da bijimi kullum safiya ne, wuƙaƙensu ko gashi suka taɓa sai ya rabu. Suka aika a faɗa masa in ya haifu cikin uwarsa da ubansa ya same su a bakin kududdufin bayan unguwa bayan azahar, a ga taurin. Maganar ta zaga gari, har ta shigo mana gida a bakin masu sayen mai. Kowa ya san in 'yan doka suka riga, ɗauri ne. In mahauta suka riga, sai dai a tattara shi a buhu.

Da safiyar ranar na ji ƙarar wasa wuƙa. Na leƙa na ga Turai durƙushe gaban dutsen niƙa da wuƙar layyar Isyaku. Na ce, "Me za ki yanka?" Ta ce ƙashin miya za ta sara. Na ƙyale ta, hankalina yana wani wuri.

Ana kiran azahar ya diro ta katangar baya. Ya rame, idanunsa jawur, rigarsa duk busasshen jinin Audu. Ya zo ɗaukar wata wuƙa da ya ɓoye a rufin ɗakina. Na tare ƙofa na ce, "Ilu, don girman Allah ka miƙa kanka ga hukuma. Ɗauri ba mutuwa ba ne."

Ya ce, "Gwaggo, matsa. Ni za a ce na gudu daga mahauta?"

Na ce, "Za su yanka ka! Babu wani tauri, babu wani maharbin Ningi, ni na ƙaga shi. Garin kuka ne da toka da kanwa, uwarka ta haɗa a ɗakin can, ni na dama maka. In ƙarya nake kada Allah ya nuna mini gobe."

 Sai ya juya wajen murhu, inda Turai take zaune a kan 'yar kujera ta ba mu baya. Ban taɓa jin ya yi mata magana kai tsaye ba sai ranar. Ya ce, "In gaskiya ne, ga ta nan. Ta faɗa da bakinta."

Na ce, "Turai, yi magana! Turai, don Annabi!"

 Na ga ta buɗe baki, ta rufe, ta sake buɗewa. Ko tari bai fito ba.

Ilu ya yi wata irin dariya marar daɗi. Ya ce, "Kin gani? Ko mutuwa zan yi ba za ta ce mini kanzil ba." Ya ture ni gefe, ya zaro wuƙarsa daga rufi, ya soke a ƙugu, ya nufi zaure. Hanyar kuwa ta gefen murhu take.

Yana gifta ta, ta zame daga kan kujerar ta cafke ƙafarsa ta dama da hannun nan nata na matsar mai. Wuƙar layya tana ƙarƙashin zanenta. Ja ɗaya ta yi a bayan diddige. Na ji wani abu ya ce tas, agarar ta tsinke. Ilu ya taka, ƙafar ta ƙi, ya kife da fuska a kan turmi. Jini ya yi tsartuwa har cikin kaskon mai.

Na ƙwalla ihu na ce, "Kin kashe shi, la'ananniya!" Ba ta ko dube ni ba. Ta fizge wuƙar ƙugunsa ta wurga rijiya, ta yage gefen zanenta, ta danne ƙafar da gwiwa ta ɗaure tam a ƙasan gwiwarsa. Shi kuwa ya jingina da turmi, ya shafo jinin ya kawo kusa da idonsa yana kallo. Bai yi ihu ba, bai zage ta ba. Ya dube ni, muryarsa ta koma ta yaro ƙarami, ya ce, "Gwaggo, to duk dukan da Baba ya yi mini, da me na jure?"  Sai ya fashe da kuka, irin wanda rabona da jinsa shekara takwas.

Ihuna ya tara mutane. Kafin ka ce kwabo labari ya kai kududdufi cewa Ilu yana gida, sai ga mahautan nan shida a ƙofar zaure, wuƙaƙe tsirara. Isyaku yana zaune a kan buzunsa da shanyayyen hannu, ya kasa ko miƙewa. Turai, matar da tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa taka ƙofar waje da rana ba, ta ratsa zaure ba mayafi, hannuwanta jini har gwiwar hannu, wuƙar layya a dama. Ta tsaya a bakin ƙofa ta cika ta.

Babbansu ya ce, "Baiwar Allah, kauce. Ba da mace muka zo yi ba."

Ta ce, "Jini kuka zo nema? Na riga ku." Ta jefa wuƙar gabansu. "Ya raba ɗan'uwanku da hannu, na raba shi da ƙafa. Mutum ɗaya ya shiga ya gani, ba da wuƙa ba. Abin da ya rage na alƙali ne. Wanda bai ishe shi ba, ya fara da ni."

Babban ya daɗe yana kallonta. Ya miƙa wa ƙaninsa wuƙarsa, ya shiga, ya tarar da Ilu cikin jini yana kuka, ƙafa tana lilo. Ya fito ya tofar da yawu ya ce da 'yan'uwansa, "Ba sauran abin yanka a nan." Biyu daga ciki ba su so ba, har ɗaya ya sari ƙyauren zaure don haushi. Turai ba ta gusa daga ƙofar ba sai da jajayen hulunan 'yan doka suka ɓullo daga lungu, kuma ita ta nuna musu hanya da hannunta. A kan ƙyauren da aka sara aka fitar da shi.

An yi masa ɗinki a asibiti da ankwa a hannu, aka yanke masa shekara biyar. Da aka tambaye shi wanda ya yanke shi, ya ce ba ya son maganar, aka bar ta a nan. Unguwa kuwa ba ta bar ta ba. Mata suka daina aiko yara sayen ƙuli, wai ba sa cin abin hannun da ya yanka ɗansa. Waɗanda suka yi shekaru suna yaba kunyarta su ne suka fara kiranta marar imani, munafukan banza. Sai da ta koma ba dillalai man, su kuma suna kaiwa Fagge, inda ba a san ta ba.

Ilu ya fito yana jan ƙafa. Wani baduku a Jakara ya koya masa ɗinkin takalmi, sana'ar zaune. Ya yi aure, yanzu 'ya'yansa biyar, ban taɓa jin ya ɗaga wa ɗayansu hannu ba. Ni yana zuwa gaishe ni duk Juma'a. Amma yakan tsaya a zaure ne ya aika a kira ni, bai sake taka tsakar gidan nan ba. Ranar sunan ɗansa na fari Turai ta aika da kwalbar mai da ƙuli cike da kwando, aka dawo da su yadda suka tafi.

Abin ya ci ni ƙwarai. Da ciwon ajalinta ya kwantar da ita, na je har rumfarsa na ce ya zo, ko daga bakin ƙofa ne. Ya ci gaba da huda fata, ya ce, "Gwaggo, kalma ɗaya na roƙe ta, ta ga wuƙa ta fi mata sauƙi." Na dawo ina huci. Na zauna a gefen gadonta na ce, "Ɗan nan naki ba shi da mutunci. Kin tsamo shi daga bakin wuƙa shida, shekara goma sha ɗaya yana gaba da ke. Bai zo ba, kuma ba zai zo ba."

Ta ce, "Kin same shi a rumfa?"

Na ce, "Yana can, ya yi ƙiba ma, sai fushi kamar zai fashe."

Ta lumshe ido. Ta ce, "Mai rai ne yake fushi, 'Yardada. Ƙyale shi ya yi ta yi."